Amsar Maigidana a Gaban Malam

Ni 'yar Zurmi ce, aure ya kai ni Shinkafi a shekarar da aka ba mu jihar Zamfara. Mahaifina malamin zaure ne, kuma Malam muke ce masa mu duka, har da Innarmu. Maigidana kuwa ɗan kasuwa ne. Yana sayen wake da gero a kasuwar Alhamis da ƙauyukan wajen Badarawa, ya loda a tirela, ya bi kayansa har Legas. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare kusa da gidanmu.

Mutum ne mai fara'a da sakin hannu. Giya dai na san bai taɓa kusantarta ba. Taba ce kawai yake zuƙa a ɓoye bayan ɗaki, ya tauna kanumfari ya shigo, ni kuma in yi kamar ban ji warin ba. Bayan na haifi ɗanmu na fari sai na fara ganin canji a tare da shi. In ya dawo daga Kurmi, can Legas ɗin, hancinsa ba ya daina yoyo, wani lokaci har da haɓo. Ranar farko ya yi ta zuba, yana tsara yadda zai sayi tirelarsa ta kansa, ya gina bene, ya kai ni Makka. Bayan kwana biyu sai ya kwanta kamar an zare masa laka, ko motsin cokali ya ji sai faɗa. Na ɗora laifin a kan hanya da wahalarta. Nakan dafa masa citta da lemun tsami, in sa shi turaren ganyen darbejiya.

Ana nan aka ƙaddamar da Shari'a. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane irin zumuɗin da mutane suka yi ba. Malam ya je Gusau taron, ya dawo murya a dishe saboda kabbara. Aka rufe gidajen giya, aka sa shi cikin malaman da ke zagaya kasuwanni suna wa'azi. An ba su wata tsohuwar mota mai lasifika a ka, da direbanta. Yau suna Zurmi, gobe Kaura, jibi wani ƙauye, yana jan kunnen matasa a kan giya da ƙwaya da caca. A ofishin malamai na makarantarmu in na shigo sai a ce, “Ga ɗiyar Malam nan.” Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Wata Alhamis a ƙarshen damina, gero ya fid da kai, Malam ya zo Shinkafi wa'azin kasuwa. Gidan wani limami abokinsa ya sauka, don bai taɓa wuce zauren gidana ba tun da aka kawo ni. Maigidana ya dawo daga Legas ranar Laraba. Da safen Alhamis ɗin ina bakin murhu ina dama kunu, ya shiga ɗakinsa ya ja ƙofa, ya ɗan jima. Ya fito yana walwala, ya ce bari ya je ya gai da Malam kafin kasuwa ta cika. Ya sunkuya zai ɗauki takalminsa, sai na ji wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi irinta ba.

Na same shi durƙushe, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya yana lalube ta bayansa. Gumi ya jiƙa rigarsa nan take.

“Ana tsaga ni,” ya ce. “Nan, nan, har baya. Kamar ana keta yadi a cikina.”

Maƙwabciyata ta ruga ta kawo maganin gyambon ciki, ya sha, ya amayar. Wani ma'aikacin asibiti da ke layinmu ya zo ya gwada jininsa, ya sake gwadawa, sannan ya ce kada mu tsaya ko'ina, mu kai shi Kaura inda akwai wani likita mai injin hoton ƙirji. Iyayen maigidana sun rasu, ƙannensa suna Legas. Ba ni da kowa sai Malam, sai na aika masa.

Ranar ce ya fara taka tsakar gidana. Bai ma yi sallama ta biyu ba. Ya dubi surukinsa a ƙasa, ya juya ya ce wa direba ya matso da mota bakin ƙofa. Haka aka kwantar da maigidana a motar wa'azi, lasifika a kanmu, na bar yaro wurin maƙwabciya, muka kama hanya. Duk ramin da muka faɗa sai ya yi nishi. Ba ya iya kwanciya sosai, don haka Malam ya zauna a bayansa ya tallafe shi da ƙirjinsa yana tofa masa addu'a. Kafin mu kai rabin hanya ya ce ƙafarsa ta hagu ta yi sanyi, ba ya jinta sosai.

Wani ƙaramin asibitin kuɗi ne a Kaura. Likitan matashi ne, ba Bahaushe ba, amma Hausarsa ta fita. Ya gwada jinin a hannun dama, ya gwada a na hagu, ya taɓa ƙafafun biyu yana neman bugun jini, ya sa aka ɗauki hoto. Da ya ɗaga hoton a jikin taga sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya sa aka fid da mutane daga ɗakin. Malam ya yunƙura zai tashi, likitan ya ce, “A'a Baba, ku riƙe shi haka, ai ɗanku ne.” Babu wanda ya gyara masa.

“Alhaji,” in ji likitan, “ka sha wani abu yau? Ƙwaya, ko allura, ko abin shaƙa?”

Maigidana ya rufe ido. Ni har na buɗe baki zan ce ba ya shan komai.

“Ba don in tona maka asiri nake tambaya ba. Jininka ya hau fiye da ƙima, kuma dole in saukar da shi yanzu. Akwai maganin da in na yi maka shi alhali da wani abu a jikinka, ciwo zan ƙara maka. Ka gaya mini gaskiya.”

Ina jin kukan wani jariri a ɗakin da ke gefe.

“Hoda,” ya ce a hankali.

“Wace hoda?”

“Ta Legas. Koken.”

“Yaushe?”

“Da sahe. Kahin in hito.”

“Ka daɗe kana yi?”

Ya gyaɗa kai.

Ni a rediyo kawai nake jin hodar iblis, in an ce an kama wani da ita a filin jirgi. A zatona abin wasu mutane ne can nesa, waɗanda ba su san alƙibla ba. Ashe tana ɗakin da nake sharewa kullum. Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Ban iya duban Malam ba, sai ƙafafunsa nake kallo. Na ji ya yi salati ƙasa-ƙasa, sau ɗaya, amma bai saki mutumin da ke jingine a ƙirjinsa ba. Maigidana ya jawo gefen rigarsa ya rufe fuska. Da na waiwaya sai na ga ƙofar ba ta rufu duka ba, direban yana tsaye a wajen riƙe da butar Malam.

Bayan an yi masa allurai an sa masa ruwa, likitan ya kira mu gefe. Ya ce akwai wata babbar jijiya da ke fitowa daga zuciya, ita ke raba jini ga jiki duka. Bangonta kamar riga mai shafi yake. Hodar nan tana matse jijiyoyi, ta sa zuciya bugu da ƙarfi, jini ya hau farat ɗaya, balle ga mai shan taba wanda dama jininsa yana sama bai sani ba. Yana zaton shafin ciki ne ya tsage, jini ya kutsa tsakaninsa da na waje yana ɗaye su. Shi ne zafin da yake ji har gadon baya, shi ne kuma ya rage jinin da ke zuwa ƙafa. In na wajen ya fashe, babu sauran magana. Ya ce abin ya fi ƙarfin asibitinsa, mu wuce Zariya da zarar jinin ya ɗan sauka.

Malam ya sallami direban da motar, ya ce ya gaya wa abokan wa'azi uzuri ya taso masa. Muka ɗauki shatar wata mota. Muka kama hanyar Zariya.

A can aka sake hotuna, aka tabbatar da zaton likitan. Suka ce tsagewar ta kama sashen da ya gangara ta baya ne. Da kusa da zuciya ta kama, sai tiyata, kuma irin tiyatar ba su da halinta a lokacin. Wannan kuwa za a gwada riƙe ta da magani, a danne jinin, a hana shi ko da yunƙuri mai ƙarfi, a jira abin da Allah zai yi. Jini ya dawo ƙafar a hankali. Muka yi makonni a wurin.

Ciwon jiki bai ba ni wuya kamar abin da ya biyo baya ba. Da hodar ta bar jikinsa sai ya koma wani mutum. Ya yi ta barci kamar matacce, in ya farka ya yi kuka, ko ya daka wa nas tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ni ce mai ba shi haƙuri, ni ce mai bin su ina ba su haƙuri. Kowace safiya likitoci su zo da ɗalibansu su kewaye gadon, babban ya yi bayani da Turanci, sunan hodar ya fito fili a tsakiyar maganar, ɗaliban su dube shi su dube ni da hijabina. Na koyi fita ɗebo ruwa da zarar na hango su.

Wata rana ina goge masa jiki ya riƙe hannuna ya ce wani dillali ne a kasuwar Legas ya fara ba shi, wai tana kore gajiya da barci, mutum ya sauke kaya ya yi ciniki garau. Da farko sai in ya je can. Daga baya ya fara ƙullo ta yana tahowa da ita gida.

“Ki yahe mani,” ya ce.

Na zare hannuna na ci gaba da matse tsumma.

Malam ya zauna tare da mu kwanakin farko. A masallacin asibiti yake kwana. Yakan shigo ya tsaya a kan gadon ya yi addu'a, maigidana ya juya fuska bango, shi kuma ya fita. Ranar da zai koma Zurmi ya kira ni gindin wata bishiya bayan sallar azahar. Na durƙusa nesa da shi.

“Kin san da abin ga?” ya ce.

“Wallahi Malam ban sani ba.”

“To.”

Ya daɗe yana jan carbi. Ni kuma abin da ke cina tun Kaura ya fito.

“Malam, in mun koma bulala za a yi mashi?”

“Wa ya kama shi? Wa ya kai ƙara? Abin da majinyaci ya hwaɗa ma likita amana ne, kuma ni ba a matsayin shaida nike a ɗakin nan ba. Ki ja bakinki. Wanda ya tambaye ki, ki ce hawan jini ne, ba ki yi ƙarya ba.”

Na ce, “Na ja maku abin kunya.”

“Ke mi kika yi?” Ya tashi ya kaɗe rigarsa. “Ki kula da maganinai.”

Jan bakin bai yi amfani ba. Kafin mu dawo Shinkafi labari ya riga mu. Ban taɓa jin direban ya faɗa da kunnena ba, amma mu nawa ne a wurin? Mata suka yi ta zuwa dubiya, har waɗanda ban taɓa gaisawa da su ba. Su ajiye kwanon kunu, idanunsu na yawo a ɗakin. In na ce hawan jini ne sai su ce, “Allah sarki, hawan jini,” su kalli juna. Wata tsohuwa da ba ta iya ɓoye abu ta matso ta rage murya ta ce, “Wai ɗiyata, da gaske ta hanci ake shanta?” Na tashi na shiga kicin na tsaya har ta tafi.

Kafin in bar shi ya koma ɗakinsa na kwashe komai na zazzage. A cikin aljihun wata tsohuwar jaka na samu ɗan ƙullin leda, bai kai girman goro ba. Na tsaya riƙe da shi ina mamakin ƙanƙantarsa. Na jefa a masai na bi da ruwa, na wanke hannuna har da toka.

A makaranta kuwa babu wanda ya ce mini komai, kuma shi ya fi ciwo. Ina shiga ofis hira ta mutu. “Ɗiyar Malam” ta ɓace daga bakin kowa. Na daina zuwa biki da suna. Ko cefane sai na aiki wani.

Abin da ya fi ƙona mini rai a Zurmi ya faru, Inna ce ta kawo mini labarin. Ran kasuwa Malam yana tsaye yana wa'azi a kan masu sa maye, sai wani daga cikin taro ya ɗaga murya ya ce, “Malam, surukinka fa?” Wasu suka yi dariya, 'yan agaji suka yi kansa, Malam ya hana a taɓa shi. Ya ƙarasa wa'azinsa, ya yi addu'a, ya sauka. Tun daga ranar bai sake hawa motar nan ba. Ya ce wa abokansa ƙafa ta fara damunsa, ya koma zaurensa da ɗalibansa. Mutumin da ya yi shekaru yana fatan ganin wannan lokaci, ga shi ya zo, shi kuma yana zaune a gida.

Inna da niyyar tafiya da ni ta zo. Ta ce in haɗa kayana, ba ta haifi 'yar da za ta zauna da ɗan hoda ba. Na tambaye ta ko Malam ne ya aiko ta. Ta ce shi cewa ya yi a bar ni in zaɓa. Na leƙa ɗaki na ga mutumin ya rame, yana ƙoƙarin miƙa hannu ya ɗauki kofi. Ba zan ce so kaɗai ya zaunar da ni ba, don a lokacin haushinsa ya fi komai yawa a raina. Na dai san in na fita babu mai ba shi magani a kan lokaci, ga shi kuma ina da ciki. Inna ta koma tana kuka, ta yi watanni ba ta yi mini aike ba.

Na nemi canjin wurin aiki, muka koma Kaura kusa da likitansa. Fatauci ya ƙare, don an hana shi ɗaukar ko da bokitin ruwa. Ya buɗe ɗan shago kusa da tasha yana sai da iri da takin zamani, manoman Banga da kewaye su ne masu sayensa in damina ta ƙarato. Taba ma ya bari. Ko ya sake komawa ga hodar? Ina kyautata zaton bai koma ba. Amma na yi shekaru ina laluben aljihunsa kafin in yi wanki, in ya yi atishawa gabana ya faɗi. Ya san ina yi, bai taɓa cewa komai ba. A wani azumi ne, muna shan ruwa, na ce masa na yafe. Ya ajiye dabinon da ke hannunsa ya daɗe bai ɗago ba.

Malam yakan zo Kaura jefi-jefi. Maimakon ya sauka gidan abokai kamar da, sai ya wuce shagon kai tsaye, ya sa a shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa inda duk mai wucewa zai gan shi. Maigidana ya tsuguna a gefe, kai a ƙasa. Ba wata hira suke yi ba, daga farashin taki sai ruwan bana. Har maigidana ya rasu bai iya haɗa ido da Malam ba.

Ya yi shekaru a haka, har yaranmu biyu suka shiga makaranta. Wata ranar Talata bayan la'asar ciwon ya dawo masa a shago, irin na farko. Muka ɗauke shi zuwa asibitin Gusau, ba mu kai ba ya cika. Malam ne ya yi masa salla, kuma mutane sun taru fiye da yadda na zata.

Yaran na rene su a kan cewa hawan jini ya kashe babansu. Babban ya girma ya gama karatu, ya je gwajin lafiya don neman aiki, aka ce jininsa ya ɗan hau, aka tambaye shi ko akwai mai irin ciwon a gidansu. Ya zo ya same ni ina tsince shinkafa a tsakar gida ya ce in gaya masa ainihin ciwon Baba, likita yana son sani. Na ga ba ni da ikon ɓoye masa abin da ya shafi lafiyarsa. Na ajiye faifan na faɗa masa duka, jijiyar da hodar, ina kallon ƙasa.

Ya bari har na gama.

“Jijiyar ce ban sani ba, Mama,” ya ce. “Ɗayan na sani tun ina aji uku. Ɗan mai hoda yara ke ce mini a filin ƙwallo.”

“Shi ne ba ka taɓa gaya mini ba?”

“Na ga ba ki son a yi maganar.”

Na tuna da lokacin. A makarantar da nake koyarwa yake, ajinsa yana kallon nawa, kullum tare muke dawowa gida. Ya jawo faifan gabansa ya ci gaba da tsince mini shinkafar, yana tambayata sunan maganin da babansa yake sha, ko zan iya tunawa.